Maganin da ya yi wa yaronki aiki bara, me ya sa ya ƙi bana?

Uwargida, da yaro ya fara zawo ko mura, yawancinmu kemis muke aikawa a sayo Septrin ko Flagyl. Kwana biyu jiki ya yi sauƙi, sai a ajiye ragowar kwalbar don ƙaninsa. Ana cewa wai jikin yaro ne ke sabawa da magani, alhali ƙwayoyin cutar ne: raunana su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, su kuma kama wani a gidan.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne irin waɗannan ƙwayoyi masu gagarar magani suka kashe a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

To ta yaya likita ke sanin maganin da ya daina ci? Daga ɗakin gwaji. A ɗebi fitsari ko jinin yaro, a raini ƙwayoyin a faranti kwana biyu zuwa uku, a jera musu magunguna a ga wanda ya kashe su. Irin wannan sakamako NCDC ke tattarawa daga wasu asibitocin Najeriya, ya shiga tsarin sa ido da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2015. Da irin wannan gwaji aka gano, a 2016, taifot ɗin da ya gagari yawancin magunguna a birnin Haidarabad na Pakistan, har ƙasar ta sa rigakafin taifot cikin alluran yara a 2019.

Matsalarmu, yaron da aka yi wa magani a kemis ba ya shiga wannan lissafi. Wanda aka kai asibiti ma, sau da yawa an riga an ɗura masa kala biyu a gida, ƙwayoyin su ƙi fitowa a faranti, kuɗin gwaji ya tafi a banza. Na san jiran kwana uku da yaro a kwance ba wasa ba ne, amma in ciwon ya yi tsanani likita kan fara magani da zarar an ɗebi jinin.

In kin je, ki faɗa masa duk abin da kika ba yaron, ki ma tafi da kwalbar. Mura ba ta jin waɗannan magunguna. Yawancin zawon yara kuwa ruwan gishiri da sukari da zinc yake buƙata, sai fa in kin ga jini a bayan gidan, wannan kam asibiti a ranar.