Tafiyar Iyali Zuwa Arewa Mai Nisa

A ƙasashen Turai akwai wata irin mota wadda ake kira mota mai ɗaki. Girmanta kamar na ƙaramar bas ne, amma cikinta an shirya shi kamar gida. Akwai gadaje, da murhu, da tankin ruwa, da wurin ajiye abinci, har da ɗan makewayi. Duk inda dare ya yi wa masu ita, sai su nemi wurin da aka keɓe don irin waɗannan motoci, su tsaya, su dafa abinci, su kwana. Kunkuru ke nan, inda ya tafi da ɗakinsa yake tafe.

Idan lokacin zafinsu ya zo, watau daga watan Yuni zuwa Agusta, sai a ba 'yan makaranta hutu. A sa'an nan magidanta da yawa daga Jamus da Faransa sukan ɗebi iyalinsu a irin wannan mota su nufi arewa, zuwa ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan. A can sukan ga mutanen Sami, masu kiwon wata irin barewa mai ƙaho mai rassa. Amma babban abin da ke kai su shi ne ganin rana da tsakar dare. A wani tsauni na bakin teku da ake kira Nordkapp, a ƙarshen Norwe, rana ba ta faɗuwa tun daga tsakiyar watan Mayu har ƙarshen Yuli.

Dalilin wannan abin mamaki ba shi da wuyar ganewa. Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, kuma a karkace take tafiya. A watan Yuni gefenta na arewa ne ke karkatowa wajen rana, saboda haka ƙuryar arewa ba ta shiga duhu ko da duniya ta juya. A watan Disamba kuwa sai abin ya sauya, mutanen Nordkapp su yi wajen wata biyu ba su ga rana ba. Wanda yake so ya gwada, ya soke lemo da tsinke, ya karkata tsinken wajen fitila, ya riƙa juya lemon. Zai ga saman lemon yana cikin haske kullum.

A ƙasar Hausa ba a cika ganin mota mai ɗaki ba. Matafiyi a nan ba ya rasa masauki, domin kusan kowane gari yana da dangi ko abokin arziki, kuma an ce zumunta a ƙafa take. Duk da haka iyalai sukan yi tasu tafiyar zuwa arewa mai nisa. Mazauna Unguwar Dosa, a arewacin birnin Kaduna, da yawansu asalinsu daga Kano ne, ko Katsina, ko Daura. In an yi hutu sai maigida ya shirya mota, a ɗora tabarmi da jarkokin ruwa da guzuri da tsaraba, a tafi gaida kakanni.

Daga Unguwar Dosa hanya ta bi ta Kawo, ta wuce Jaji, ta isa Zariya bayan tafiyar kilomita wajen 80. A nan ne Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe a 1962. Daga Zariya sai Kwanar Ɗangora, sai Kura, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Kano tana da nisan kilomita wajen 230 daga Kaduna. Tun daga nesa akan hango dutsen Dala, a cikin birni kuma akwai kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500 da suka wuce. Wanda ya bi ta Kazaure zai isa Daura, ya ga rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya. Wanda ya nufi Katsina kuwa zai ga hasumiyar Gobarau. Gaba da Katsina sai Jibiya, sai iyakar ƙasa, a hayinta kuma ga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar.

Yaro mai lura ba zai yi barci a wannan tafiya ba, gama ƙasa tana sauyawa a gaban idonsa. Kusa da Kaduna itatuwa suna da yawa, ga doka, ga ɗorawa, ga kaɗanya, gonaki kuma na masara ne da dawa. In aka wuce Kano sai itatuwa su yi nisa da juna, a riƙa ganin kuka da aduwa da goruba da gawo. Shi gawo yana da wata al'ada ta dabam, yakan zubar da ganyensa da damina, ya yi kore da rani. Ƙasa takan koma rairayi, gero ya maye gurbin masara, jakuna da raƙuma su yawaita a gefen hanya.

Ruwan sama ne ya kawo wannan bambanci. Iskar da ke ɗauko ruwa daga teku take tasowa, can kudu, saboda haka Kaduna take fara isa kafin Katsina. A Kaduna akan sami ruwa tun watan Afrilu ko Mayu, a Katsina kuwa sau da yawa sai Yuni damina take kankama, ta kuma riga ɗaukewa. Ruwan da Katsina take samu a shekara bai fi wajen rabin na Kaduna ba. Tsawon yini ma yana da ɗan bambanci: a watan Yuni yinin Katsina ya fi na Kaduna da 'yan mintoci. Wannan shi ne abin nan da ya kai matuƙa a Norwe, har dare ya ɓace.

Lokacin zafi a ƙasar Hausa shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40 a Kano da Katsina. Tafiya a irin wannan lokaci ba abin wasa ba ce, musamman in da ƙananan yara. Jikin yaro ya fi na babba saurin rasa ruwa, kuma ƙishirwa mai tsanani tana iya kisa. Saboda haka maigida mai hankali yakan duba tayoyi da burki da ruwan injin tun jajibiri. Yakan yi sammako, don a ci rabin hanya kafin rana ta take. Yakan ɗauki ruwan sha fiye da abin da ake tsammanin za a buƙata, domin mota tana iya lalacewa a dokar daji. Ba ya tafiyar dare, ba ya kuma cika gudu, gama sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wata doka wadda ta fi sauran nauyi. Kada a bar yaro shi kaɗai cikin mota a rufe, ko da na ɗan lokaci ne. Motar da ke tsaye a rana takan yi zafi kamar tanderu cikin mintoci kaɗan, yaro ya suma kafin a ankara. Wannan doka ɗaya ce ga mai ƙaramar mota a Kaduna da mai mota mai ɗaki a Turai. Su kuma yara nasu aikin shi ne su zauna wuri ɗaya, su ɗaura bel, kada su fid da hannu ta taga, kada su dami direba da surutu.

Iyalin da suka kiyaye waɗannan abubuwa sukan isa lafiya, su sadu da dangi, su komo da labari. Yaran kuma sun ga abin da suka karanta a aji da idonsu, gani kuwa ya kori ji.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ake samu cikin mota mai ɗaki?
2. Don me rana ba ta faɗuwa a Nordkapp a watan Yuni?
3. Faɗi garuruwa huɗu da ke kan hanya daga Kaduna zuwa Daura.
4. Me ya sa Kaduna take riga Katsina samun ruwan sama?
5. Don me bai kamata a bar yaro cikin mota a rufe ba?