YADDA AKE DUBA ASIBITOCIN LIKITOCIN IYALI A INGILA DA MA'ANAR MATSAYIN DA AKE BA SU

A ci gaba da ƙoƙarin da muke yi na wayar da kan jama'a game da harkokin kiwon lafiya, a wannan karon za mu yi bayani a kan yadda hukuma ke duba ƙananan asibitocin likitocin iyali a ƙasar Ingila, da irin matsayin da take ba kowane asibiti bayan an kammala binciken. Mun zaɓi wannan batu ne saboda mara lafiya, ko a ina yake, ba ya iya sanin abin da ke cikin firjin allurai ko kundin ajiye bayanai na asibitin da ya je. Dole ne wani ya duba a madadinsa, ya kuma gaya masa abin da ya gani.

WANE NE LIKITAN IYALI?

Likitan iyali, wanda a can ake kira GP, shi ne ƙofar farko ga mai neman magani a tsarin kiwon lafiya na gwamnatin Birtaniya. Mutum kan yi rajista da asibiti ɗaya a unguwarsu, inda ake auna hawan jini da ciwon sukari, ake yi wa yara riga-kafi, ake rubuta magani, sannan a tura wanda ciwonsa ya yi tsanani zuwa babban asibiti. Yawancin waɗannan asibitoci na sha-ka-tafi mallakar likitocin ne da kansu, suna aiki bisa kwangila da gwamnati.

ASALIN BINCIKEN

Shekaru da dama an bar waɗannan asibitoci a kan amana. Abin da ya girgiza wannan amana shi ne lamarin Harold Shipman, wani likitan iyali da ke aiki shi kaɗai a garin Hyde, kusa da Manchester. A watan Janairun 2000 kotu ta same shi da laifin kashe marasa lafiya 15, daga bisani kwamitin bincike a ƙarƙashin mai shari'a Janet Smith ya gano cewa waɗanda ya kashe sun kai aƙalla 215. Wannan ya sa aka sake nazarin yadda ake sa ido a kan likitoci baki ɗaya.

A shekarar 2008 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Jinya, wato CQC, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2009. Ikonta ya tsaya ne a Ingila kaɗai, domin sauran sassan Birtaniya suna da nasu hukumomin. Daga watan Afrilun 2013 aka wajabta wa asibitocin likitocin iyali yin rajista da ita, aka kuma naɗa Farfesa Steve Field a matsayin babban sufeto na farko a wannan fanni. A watan Oktoban 2014 ne aka fara ba asibitocin matsayi.

YADDA AKE GUDANAR DA SHI

A zagayen farko, akan ba asibiti sanarwar makonni biyu, amma hukumar na da ikon yin dirar ba-zata idan ta samu labarin da ya tayar mata da hankali. Sufeto ne ke jagorantar ayarin, tare da wani likitan iyali mai ba da shawara, wani lokaci kuma har da ma'aikaciyar jinya. Masu binciken kan zanta da ma'aikata da marasa lafiya, su duba takardu, su kuma leƙa ɗakunan da ake duba jama'a.

Abubuwan da suke dubawa ba su da wuyar fahimta. Shin ana ajiye alluran riga-kafi a sanyin da ya dace, wato tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma akwai rubutacciyar shaidar ana auna firjin kullum? Shin magungunan taimakon gaggawa suna nan, wa'adinsu bai ƙare ba? Shin an binciki tarihin ma'aikata kafin a ɗauke su? Shin ana yi wa masu shan magunguna masu haɗari gwajin jini a kan lokaci? Idan an yi kuskure, ana rubuta shi a tattauna, ko kuwa rufe shi ake yi?

Dukkan abin da aka gano ana auna shi da tambayoyi biyar:

1. Shin marasa lafiya suna cikin aminci?
2. Shin maganin da ake yi yana biyan buƙata?
3. Shin ana kula da jama'a cikin mutunci da tausayi?
4. Shin ana samun ganin likita a lokacin da ake buƙata?
5. Shin shugabancin asibitin yana tafiya daidai?

MATAKAI HUƊU

Kowace tambaya tana samun nata matsayi, sannan a fitar da matsayi guda na asibitin gaba ɗaya. Matakan huɗu ne: "ya yi fice", mai alamar tauraro, "yana da kyau", mai alamar kore, "da sauran gyara", mai alamar ruwan ɗorawa, sai "ya gaza", mai alamar ja. Kafin a buga rahoto, ana ba asibitin dama ya nuna kuskuren da yake ganin an yi a bayanan.

Daga watan Afrilun 2015 doka ta tilasta wa kowane asibiti ya liƙa matsayinsa a inda marasa lafiya za su gani, da kuma a shafinsa na intanet, kuma rashin yin haka laifi ne da ake cin tara a kansa. Asibitin da ya gaza kuwa akan sa shi ƙarƙashin kulawa ta musamman, a sake duba shi cikin watanni shida. Idan bai gyara ba, hukumar na iya soke rajistarsa, wanda hakan ke nufin rufe shi.

ABIN DA AKA GANO

Rahoton da hukumar ta fitar a shekarar 2017, bayan ta duba asibitoci sama da 7,000, ya nuna kashi 86 cikin 100 suna da kyau, kashi 4 sun yi fice, kashi 8 da sauran gyara, kashi 2 kuma sun gaza. A dubawar farko waɗanda ke matakai biyu na ƙasa sun fi haka yawa, sai da aka koma aka tarar da yawa sun gyara. Ke nan amfanin binciken yana cikin komawar da ake yi.

Sai dai ita ma hukumar ba ta tsira daga suka ba. A watan Maris na 2020 ta dakatar da binciken yau da kullum saboda annobar korona, sannan a ƙarshen 2023 ta shigo da sabon tsarin aiki, duk da cewa tambayoyi biyar da matakai huɗu ba su canza ba. Binciken da Dakta Penny Dash ta gudanar a 2024 ya gano cewa yawan dubawa ya ragu ƙwarai, matsayin wurare da dama ya daɗe ba a sabunta shi ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su matsayi ba.

Don haka mai karanta irin wannan matsayi ya kamata ya lura da abubuwa uku. Na farko, ya duba ranar da aka yi binciken, domin takardar tana nuna halin da aka tarar ne a wancan lokaci. Na biyu, matsayin na asibiti ne, shi kuwa likita wata hukuma daban ce ke ba shi lasisi, tana kuma sake tantance shi, galibi duk bayan shekara biyar. Na uku, hukumar ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, ko da yake tana karɓar bayani daga jama'a don sanin inda za ta sa ido.

A NAN GIDA

A Najeriya ma aikin a rabe yake. Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN, ita ke yi wa likita rajista tare da sabunta masa lasisi duk shekara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana gudanar da asibiti ba tare da takardar shaidar cika ƙa'ida ba. Rajista da duba asibitoci masu zaman kansu kuwa aikin gwamnatocin jihohi ne, wasu ma sun kafa hukumomi na musamman don haka, kamar HEFAMAA da aka kafa a Legas a 2006, da PHIMA a Kano.

Bisa wannan muke kira ga jama'a da su riƙa neman ganin takardar rajistar duk asibitin kuɗin da suka je, su duba shekarar da aka sabunta ta. Neman ganin takarda ba raini ba ne ga likita, haƙƙin mara lafiya ne. Wanda kuma ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya sanar da ma'aikatar lafiya ta jiharsa ba tare da ɓata lokaci ba, domin riga-kafi ya fi magani.