Mashayar 'yan Ayilan a ƙaramin gari: Me ke cikin faranti, me ke cikin kofi?

Duk ma'aikacin da aiki ya taɓa kai shi kwas ko taro a wani ƙaramin gari na Ingila, Jamus ko Amurka, da wuya a ce bai ga irin wannan gini ba: ƙofa mai koren fenti, an rubuta suna irin su Murphy ko O'Brien a samanta da ruwan zinare, ga tambarin Guinness rataye a gefe. Idan dare ya fara yi, sau da yawa nan ne kaɗai ake samun abinci mai zafi a garin, kuma nan masu masaukin baƙi kan ce a haɗu bayan an tashi daga zaman yini. Baƙon da bai san wurin ba yakan rasa yadda zai yi: ya ƙi zuwa, hirar da ta fi ta zauren taro amfani ta wuce shi, ko ya je ya ci abin da bai san da me aka haɗa ba.

Da yawa daga waɗannan mashayu ba 'yan ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Ingila, ne suka kafa su ba. Haja ce da ake yin odarta. A farkon shekarun 1990 wani kamfani a Dublin mai suna Irish Pub Company, wanda Mel McNally ya kafa, ya haɗa gwiwa da Guinness wajen ƙera mashaya sukutum: kanta, kujeru, madubai, har da tsofaffin hotuna da kwalabe na ado. Sai a loda su a kwantena, a kai wata ƙasa a harhaɗa. Lissafin Guinness a bayyane yake, domin duk inda aka buɗe irin wannan wuri, giyarsa ce ke kan gaba. Salon ya bazu har Namche Bazaar, ƙaramin garin masu hawan dutsen Everest a Nepal, mai tsayin kusan mita 3,440 daga doron teku, inda dabbobi da 'yan dako ke hawa da kayan sha.

Faranti ya fi bango faɗin gaskiya. Ainihin abincin Ayilan na talakan manomi ne. Romon da suke kira Irish stew naman rago ne da dankalin Turawa da albasa, a dafa su a hankali har su yi luguf. Burodinsu ba a sa masa yis, da soda da tsamin madara ake tayar da shi. Akwai kuma dakakken dankali da ake cakuɗawa da kabeji da man shanu. Dankali bai rabuwa da teburinsu, kuma shi ne ya watsa su duniya: lokacin da cuta ta lalata amfaninsa daga 1845 zuwa 1852, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa, wasu fiye da miliyan suka yi hijira.

Daga wannan hijira ce aka samu abincin da mashayun Amurka suka fi tallatawa a matsayin na gargajiya, wato naman shanu mai gishiri da kabeji. A gida naman alade suke haɗawa da kabejin. Da suka isa New York sai suka tarar naman shanun da mahautan Yahudawa ke sayarwa ya fi sauƙin kuɗi, suka koma masa. Wanda ya ci shi a wani ƙauyen Amurka ranar 17 ga Maris, ranar bikin Waliyyi Patrick, abincin 'yan ci-rani ya ci.

Ga wanda ba ya shan barasa ko cin alade, a nan ake buƙatar buɗe ido, domin sunan abinci ba ya tona abin da ke cikinsa. Soyayyen kifi da dankali kamar ba shi da matsala, amma a wurare da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Romon naman shanu kuwa, musamman wanda aka rufe da ɓawon fulawa aka gasa, galibi da Guinness ake dafa shi, kuma dahuwa ba ta ƙone barasa gaba ɗaya kamar yadda ake yawan faɗa. Baƙin tsiren da ake kira black pudding jinin alade ne da hatsi. Kofin da ke ɗauke da sunan ƙasar ma da wiski ake haɗa shi. Ko romon rago, tambayar yadda aka yanka dabbar tana nan, kuma a ƙaramin gari da wuya a samu amsar da za ta kwantar da hankali. Gasasshen kifi, miyar ganye da burodi da dankali su ne mafita, bayan an tambayi mai kawo abinci. Tambayar ba abin kunya ba ce, sun saba da ita daga masu larurar abinci iri-iri.

Game da abin sha, ɗan Najeriya ba baƙo ba ne ga sunan Guinness. Arthur Guinness ya kama hayar masana'antarsa ta Dublin a 1759 na tsawon shekara 9,000, kuma masana'anta ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ayilan da Birtaniya ita ce ta Ikeja, a farkon shekarun 1960. Ta Najeriya, wadda ake sa wa dawa, ta fi ƙarfi: kashi 7.5 cikin ɗari na barasa, ta famfon mashaya kuwa kashi 4.2. Ita ta famfon sau biyu ake zuba ta, a dakata kumfa ya kwanta sannan a cika, abin da kamfanin ya ce yana ɗaukar daƙiƙa 119.5. Rabin daƙiƙar nan dai aikin masu talla ne.

Al'adar da ta fi kama baƙo ita ce ta zagaye. Ba a jiran a zo tebur a tambaye ka, kai za ka je kanta ka biya. Idan kuna da yawa, mutum ɗaya ke saya wa kowa, sannan na gaba ya karɓa, kamar adashi. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin layi ya zo kansa, ba za a ce masa komai ba, amma an lura. Mai shan lemo ko shayi yana cikin zagayen kamar kowa, kuma 'yan Ayilan ba su ɗauki ƙin shan giya abin mamaki ba. Tun 1838 Fada Theobald Mathew ya fara gangamin ƙaurace wa barasa a Cork, a 1898 kuma aka kafa ƙungiyar Pioneer a Dublin, wadda mambobinta ke ɗaukar alkawarin ba za su sha ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama inda ake sha ba ko da shi ba ya sha, ya faɗa wa masu masaukinsa tun da rana, a nemi wani wuri.

Ko da yake an yo odar katakonta daga nesa, a ƙaramin gari mashayar takan zama majalisa ta gaske. A nan ake kallon ƙwallo, a yi taron tara gudummawa, a ci abinci bayan jana'iza. A Ayilan kanta kuwa, inda aka kwaikwayo salon, fiye da mashaya 2,000 aka rufe tun daga 2005, akasarinsu a karkara.