Kafin ChatGPT, Wa Ke Rubuta Wa Ɗalibai Kundi?

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a watan Nuwamban 2022, duk ƙarshen zangon karatu sai ka ji malaman jami'a na kuka: ɗalibai sun daina tunani, na'ura ke yi musu jinga da kundin digiri, don haka a haramta ta. Ita dai wannan ƙirƙirarriyar basira hasashe take yi, ta jero kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata. Shi ya sa takan ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ta faɗe shi ko a jikinta. Manhajojin gano rubutun na'ura ma ba abin dogaro ba ne, domin OpenAI da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Shekaru kafin zuwan na'urar na ga wani shagon buga takardu a ƙofar wata jami'a, inda ake ciro tsohon kundi daga kwamfuta, a goge sunan mai shi da na ƙaramar hukumar da ya yi bincike a kai, a sa sababbi, a ɗaure da bango mai ƙyalli. Malamin da ya sayar da handawut, ya ce a haddace a juye masa ranar jarrabawa, shi ya fara yi wa tunani likkafani.

Abin takaici, maganin na gida muka watsar. A makarantar zaure ɗalibi kan zauna gaban malam da Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya ja baƙi, malam ya fassara, gobe ya dawo ya biya. In ya yi tuntuɓe, ba ƙari. Ijaza kuwa shaida ce ta mutum a kan mutum, cewa wane ya karanta a gabana. Malam Abdullahi na Gwandu littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Wace na'ura ce za ta biya maka karatu malam na kallon bakinka?

Na san za a ce aji ɗaya ɗalibai ɗaruruwa, malami guda. Gaskiya ne, kuma wannan a wuyan gwamnati yake. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, da majalisun jami'o'i su daina ɓata lokaci kan haramci. A bar ɗalibi ya yi amfani da na'urar, ya bayyana inda ta taimake shi, sannan a zaunar da shi ko minti 10 ne ya kare abin da ya kawo da bakinsa. A kuma ɗauki isassun malaman da za su saurare shi.