Tukwici a Tudu da Teku: Haƙƙin Wanda Ya Kawo Maka Abinci Har Ɗaki

Wataƙila wani ya ce me ya haɗa mutanen Wagadugu da zancen jirgin ruwa, alhali ƙasarmu ba ta da teku, kuma mafi yawanmu ba mu san ruwan da ya wuce na madatsun bayan gari ba. Dalili shi ne 'ya'yanmu sun bazu cikin duniya, wasu a Italiya, wasu a Faransa, wasu a Jidda, kuma sun fara ɗaukar iyayensu zuwa wuraren da ba a saba ba. A irin wannan tafiya ce wani dattijo daga cikinmu ya gamu da abin da har yau yake damunsa, shi ne kuma ya roƙe mu da mu ja hankalin jama'a a kai.

Ɗansa mazaunin Italiya ne ya biya masa shi da mai ɗakinsa tafiyar kwana bakwai a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Tafiya ta yi daɗi. Kullum akwai wani saurayi ɗan Indonesiya da yake gyara masu ɗaki sau biyu, kuma da ya lura suna salla, shi ya riƙa tambayo masu inda alƙibla ta koma duk lokacin da jirgi ya sauya hanya. A daren ƙarshe sai aka turo takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofa. Alhaji ya ga an rubuta masa yuro 12 a kan kowane mutum kowane dare, jimilla yuro 168. Da ya juya shi zuwa sefa ya ga ya haura jika 110, wato fiye da albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci a nan gida, tun da a 2023 aka mai da mafi ƙarancin albashi jika 45. Ransa ya ɓaci, ya ɗauka zamba ce. Ya sauka ofishin baƙi ya kafe sai an soke, aka kuwa soke. Bayan sun sauka ne ɗansa ya ce masa: "Baba, ai kuɗin nan da ka sa aka cire, a cikinsa ake biyan yaron da ya yi maku hidima." Alhaji ya ce mana tun daga ranar, duk sanda ya tuna fuskar yaron nan sai ya ji nauyi a zuciyarsa, ga shi ba shi da hanyar da zai same shi.

Abin da muka gada

Ba wai Alhaji marowaci ba ne. Ya taso a tsohon Zango, unguwar da Mosawa ke kira Zangouettin, wadda aka rushe a 2003 saboda aikin ZACA, aka watsa mutanenta zuwa wajen Waga 2000 da Nioko. Wannan unguwa kuwa baƙunci ne ya kafa ta. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro daga Kano da Katsina sukan ratsa ƙasar Mosawa, su yada zango, mai masauki ya ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya nemo masu ciniki, ya karɓi la'adarsa. Kowa ya san iyakar la'ada, ba a jayayya a kanta. Bayan ita kuma akwai abin da baƙo ke miƙa wa yaran gida da suka ɗebo masa ruwa, suka kula da jakunansa, suka kawo masa akushin tuwo. Wannan ba wanda zai tambaye shi, amma wanda ya tafi bai yi ba, za a daɗe ana tuna shi.

Saboda haka Bahaushe ya ware wa kowane abu sunansa. Lada ko ijara haƙƙi ne na wanda ya yi aiki. La'ada ta dillali ce. Goron albishir na wanda ya kawo labari mai daɗi ne. Tukwici kuwa shi ne abin da ake ba ɗan aike da ya kawo kyauta ko saƙo, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici. Faransawa suna kiran nasu pourboire, ma'ana na shan wani abu, kamar yadda mu muke cewa na goro. Matsalar da ta sami Alhaji ita ce, a jirgin ruwa an cuɗa lada da tukwici a wuri guda, an ba su suna ɗaya.

Yadda abin yake a jirgi

A da, fasinjoji kan zuba kuɗi a ambulan a daren ƙarshe, su miƙa wa mai gyaran ɗaki nasa, mai kawo abinci nasa. Daga farkon shekarun 2000 manyan kamfanoni suka koma rubuta wani adadi kai tsaye a kan asusun fasinja kowace rana, a tara, a raba wa masu gyaran ɗaki da masu hidimar tebur da wasu da fasinja ba ya gani ko kaɗan, irin su masu wanki da masu wanke-wanke. A jiragen da ke tashi daga Amurka adadin yakan kama tsakanin dala 15 zuwa 20 a kan kowane mutum a rana. A kula, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wasu kamfanoni sun shigar da shi cikin kuɗin tikiti tun farko, kamar yadda kamfanin P&O na Ingila ya yi a 2019. Wasu suna yarda a rage ko a soke idan fasinja ya nema, wasu kuma sun mai da shi wajibi.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? Galibinsu mutanen Filifin ne da Indonesiya da Indiya, kuma Musulmi suna da yawa a cikinsu. Sukan yi wata shida zuwa tara a kan ruwa ba tare da ganin iyalinsu ba, kuma babu ranar hutu a mako kamar yadda muka sani a tudu. Yarjejeniyar aikin teku ta 2006, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara, ta kuma fara aiki a watan Agusta na 2013, ta ce dole a ba ma'aikaci hutun da bai gaza awa 10 ba a cikin awa 24, da awa 77 a mako. Mai lissafi zai gane cewa aikin yini ɗaya yana iya kaiwa awa 14 ba tare da an karya doka ba. Ga masu hidimar ɗaki da tebur kuma, a jirage da dama, wani babban kaso na abin da suke aika wa gida yana fitowa ne daga wannan kuɗi na fasinjoji. Muna iya ƙin tsarin, muna iya cewa kamfani ne ya kamata ya biya ma'aikacinsa cikakken albashi, kuma muna da gaskiya. Sai dai ranar da fasinja ya soke kuɗin, ba mai kamfani ne zai ji a jikinsa ba.

Shi kuwa abincin da ake kawowa har ɗaki, hukuncinsa daban ne. A wasu jirage karin kumallo mai sauƙi kyauta ne, sauran abinci kuma akwai kuɗin kawowa, wani lokaci har da ƙarin kashi 18 cikin ɗari na hidima. Idan takardar da aka kawo a sa hannu ta nuna an riga an ƙara na hidima, to an sauke nauyi, abin da aka daɗa alheri ne. Idan ba ta nuna ba, al'adar matafiya ita ce a miƙa wa mai kawowa dala 2 zuwa 5, ko kwatankwacinsu a yuro, gwargwadon yawan kayan da ya ɗauko da lokacin da aka kira shi. Wanda ya hau bene da tire da ƙarfe uku na dare don ya kawo maka sahur ba daidai yake da wanda ya kawo shayi da hantsi ba.

Wannan zance ya matso kusa da mu fiye da yadda muke zato. Kakanninmu sun san jirgin ruwa a hanyar hajji: su bi ta Kano da Chadi da Sudan, wani lokaci shekaru suna tafiya, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin ko Fot Sudan zuwa Jidda. Yau a wannan tashar ta Jidda ce jiragen shaƙatawa suke tashi. Jirgin MSC Bellissima ya yi zirga-zirga daga can a 2021, sannan a watan Disamba na 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna AROYA, wanda aka tsara don iyalan Larabawa da Musulmi. Ba abin mamaki ba ne a ga mai Umra daga Wagadugu ya ƙara kwana uku a kan teku kafin ya dawo.

Ladubban bayarwa

Matambayi ba ya ɓata. Tun kafin a biya tikiti a tambayi kamfanin tafiya ko kuɗin hidima yana ciki, in ba ya ciki nawa ne, a kuma sa shi cikin lissafin guzuri. Ɗan da ya biya wa iyayensa tafiya, ya biya har da wannan tun daga gida, ya kuma bayyana masu, don kada ya jefa su cikin kunya.

A tanadi ƙananan takardun kuɗi na dala ko yuro. Sefa ba ta da amfani ga mutumin Manila ko Jakarta, kuma ƙwandaloli ba sa canjuwa a banki. Dabino ko turare ko hula kyauta ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin kuɗi ga wanda yake da 'ya'ya a makaranta.

A miƙa da hannun dama, a naɗe, cikin sakin fuska, tare da godiya, ba tare da an ɗaga don na kusa ya gani ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kada a jefa kuɗi a kan tire, kada kuma a sa ma'aikaci ya tsaya yana jira ana laluben aljihu. A shirya tun kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mata su kintsa kafin a buɗe, in kuma akwai namiji a ɗaki shi ya karɓa. Idan ana salla ko ana hutawa, a rataya alamar da ke hana shigowa, maimakon a yi wa bawan Allah tsawa a kan aikinsa.

Idan hidima ta yi kyau, a koyi sunan mai yin ta, a rubuta shi a takardar jin ra'ayin fasinjoji. Wannan ba ya cin ko sisi, amma yana taimaka masa wajen ƙarin girma da sabunta kwantiragi. Idan kuma ta yi muni, a kai ƙara ga shugabansa tun ana cikin tafiya don a gyara. Soke kuɗin gaba ɗaya horo ne ga mutane da yawa a kan laifin mutum ɗaya.

Inda tukwici ya ƙare

Akwai iyaka da ya wajaba mu kiyaye. Tukwici yana zuwa ne bayan an gama aiki, kuma ba ya tauye haƙƙin kowa. Abin da aka bayar tun kafin aiki don a tsallake layi, ko a samu ɗakin da yake na wani, ko a kau da kai daga doka, sunansa toshiyar baki, ko da an kira shi na goro. Malamai sukan kafa hujja da labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu a matsayin kyautar da aka yi masa, aka kuwa tsawatar masa a bainar jama'a, domin muƙaminsa aka yi wa kyautar ba shi ba. Don haka jami'in kwastan da mai buga hatimi a fasfo ba su cikin masu karɓar tukwici. Haka kuma idan wuri ya hana ma'aikatansa karɓa, kada a matsa masu, domin ana iya jawo masu kora. A ƙasa irin Japan ma miƙa tukwici ba al'ada ba ce ko kaɗan.

Mu dawo gida

Kaɗan ne daga cikinmu za su hau irin wannan jirgi, amma dubbai suna sauka a otal-otal na Makka da Madina. A hajjin 2023 kujeru 8,143 aka ware wa Burkina Faso. A can ma akwai masu shara da masu ɗaukar jaka, baƙi daga Bangladesh da Indiya da Pakistan, waɗanda riyal biyar ko goma ke faranta masu rai. Mun sha ganin alhajin da ya cika jakunkuna da tsaraba, ya bar ɗaki kaca-kaca, ya fita bai ko yi wa mai gyara sallama ba.

Kusa da haka kuma akwai ɗan dako a tasha, da yaron da aka aiko da kwanon abincin suna, da yarinyar da ke aiki a gidajenmu, wadda take kawo mana abinci har ɗaki kowace rana ta Allah. Ita albashinta haƙƙi ne, a biya shi a kan lokaci, kamar yadda hadisi ya yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci. Tukwicin ranar Salla ba ya goge bashin wata biyu. Mu kuma riƙa ba yaranmu kuɗin a hannu su miƙa da kansu, su yi godiya, don su taso sun san cewa hidima ba banza take zuwa ba.

Shi dai Alhaji, da ya tambayi malaminsa, an shawarce shi ya fara neman hanyar mayar da kuɗin ta hannun kamfanin, in ta faskara ya yi sadaka da su. Ɗansa ya rubuta wasiƙa, har yanzu suna jiran amsa. Ya ce mu gaya wa duk mai shirin tafiya ya yi tambaya kafin ya yi fushi. Mun isar da saƙo. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya kuma tsare mu daga cin haƙƙin wani, amin.