WAYA TA ƘI CAJI? SAURARA KAFIN KA HAU MOTAR KAURA

Yau maganar caji za mu yi, saboda saƙon da wani ɗan'uwa ya turo mana daga Dauran, a ƙaramar hukumar Zurmi. Ya ce Tecno ɗinsa ta daina caji, wani ya duba ta sama-sama ya ce IC ne, sai dai ya kai ta Kaura Namoda ko Gusau. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba tafiyar ganin dama ba ce, ga kuɗin mota ga fargaba. Kuma waya a yankin nan ba ado ba ce. Wanda ya ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, ya san ciwon rashin iya kira ka ji ko hanya lafiya.

To ɗan'uwa, bari mu bi wutar daga farko. Tana fitowa daga kan caja, ta bi igiya, ta shiga bakin caji, ta hau wata siririyar waya da ake kira fleks zuwa fanel, inda IC ɗin caji yake. Caja ta yau da kullum volt 5 take bayarwa, batirin kuma wajen 3.8 yake, IC ɗin ne ke daidaita su. Ka ga shi ne kusan na ƙarshe a layi, amma shi ake fara ɗora wa laifi, don gyaransa ya fi kawo kuɗi.

Fara da igiya. Ari ta wani wadda ka tabbatar tana aiki, da kanta. Igiyoyin shagon caji da hannu ɗari ke ja a rana, wallahi ba sa daɗewa.

Sai bakin cajin, kuma nan nake so ka tsaya. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna shiga ramin, kullum ka soka caja kana ƙara danne su, har su zama kamar ƙasar gini a can ƙasa. Alamarsa, caja ba ta shiga har ƙarshe, tana girgiɗi, sai ka karkata ta kafin wuta ta kawo. Kashe wayar, haska ramin da tocila, ka samo tsinken sakace na itace ka riƙa fito da dattin a hankali. Ban da allura, ban da fil! Ƙarfe yana haɗa wuta, yana kuma lanƙwasa ƙananan haƙoran ciki. Za ka sha mamakin abin da zai fito.

In bai yi ba, sai mai gyara. Yawancin Tecno da Infinix, na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a China, bakin cajinsu yana kan wani ɗan ƙaramin allo ne daban a ƙasan wayar. Buɗe baya, kwance noti, cire fleks, sa sabo, shi ke nan. Kayan nan suna nan birjik a Farm Centre ta Kano, kuma mai gyara na kusa zai iya wannan. IC kuwa sai da injin iska mai zafi da hannun da ya ƙware, in aka yi kuskure fanel ɗin ya tafi gaba ɗaya. Don haka ka ce ya jona mita ka ga ko wayar tana jan wuta bayan an gwada sabon allo, sannan a yi zancen IC. Ka kuma karɓi tsohon kayanka a hannu.

Abu ɗaya ne ba na wasa ba: in bayan wayar ya ɗago ko sikirin ya fara ɓallewa, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take, kar ka danna, kar ka huda, yana kama wuta.

Kuma kafin ka miƙa ta, cire sim da memori. Gyaran caji ba ya buƙatar lambar sirrinka, in ana son gwaji ka buɗe da hannunka kana tsaye.