Mel Blanc da Sana'ar Aron Murya

Duk wanda ya taɓa kallon katun na Bugs Bunny, zomon nan mai wayo, ya ji muryar Mel Blanc ko bai san sunansa ba. An haife shi a San Francisco ta Amurka a 1908, ya kuma shiga aikin rediyo a 1927 a tashar KGW da ke Portland. A rediyo ya koyi sana'ar, domin mai sauraro ba ya ganin fuska, sai murya ta nuna fushi ko tsoro ko tsufa. A shirin rediyo na ɗan wasa Jack Benny har tari da gurnanin tsohuwar mota yakan kwaikwaya da bakinsa.

A katun ɗin kamfanin Warner Bros, shi ne Daffy Duck, shi ne Porky Pig, shi ne Tweety. Yawanci murya ake fara naɗa, sannan masu zane su daidaita motsin leɓe da ita. Masu fassarar finafinan Indiya a Kano kuwa akasin haka suke yi: hoto na gabansu, su ke bin bakin jarumi.

A 1961 ya yi mummunan hatsarin mota, amma daga kan gadon jinya ya ci gaba da naɗar muryar wani ɗan katun mai suna Barney Rubble. Ya rasu a 1989.

Matashin da ke sha'awar wannan aiki ya sani cewa zaƙin murya kaɗai bai isa ba. Sai da iya wasan kwaikwayo, da sarrafa numfashi, da yawan atisaye.